Tohon Hanyoyin Jini da Sinadaran da ke Sarrafa Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jinyar miki ya san cewa bayan 'yan kwanaki, idan aka kwance ƙyallen da aka ɗaure shi da shi, akan tarar da wani jan nama mai damshi, mai gudaji-gudaji kamar tsabar gero, ya soma cike ramin daga ƙasa. Da an ɗan taɓa shi sai ya yi jini. Tsofaffin da suka saba da jinya sukan yi murna in sun gan shi, su ce miki ya fara kawo nama, kuma gaskiyarsu. Jan nan da ake gani dubban sababbin hanyoyin jini ne, waɗanda a makon jiya babu su. To, mene ne ya kira su, mene ne ya nuna musu inda za su dosa, kuma mene ne zai tsai da su idan miki ya rufe? Wannan maƙala za ta bi diddigin amsoshin da masana suka samu, domin a cikinsu ne ake gane dalilin wasu cututtuka da ke makantar da mutane, da wasu da ke hallaka mata masu juna biyu.

Matsalar kalmomi

Kafin a shiga cikin batun, wajibi ne a daidaita harshe. Kalmar "jijiya" a bakin Bahaushe jakar magori ce. Da ita ake kiran abin da wanzami ke lalube a dantse, da ita ake kiran farin abu mai tauri da mahauci ke cirewa daga nama, da ita ake kiran abin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsu, har ma a wasu wurare saiwar itace jijiya ce. Wannan yalwar ma'ana ado ce a wajen mawaƙi, amma a wajen mai bayanin jiki cikas ce. Saboda haka a nan za a yi amfani da "hanyar jini" ga duk bututun da jini ke gudana a cikinsa, sa'an nan mafi siranta daga cikinsu, waɗanda ido ba ya gani, a kira su "silili".

Fitowar sabuwar hanya daga jikin tsohuwa kuwa za a kira ta "toho". An zaɓi wannan kalma a kan "tsiro" da gangan, gama tsiro daga iri yake fitowa, toho kuwa daga jikin reshen da ya riga ya rayu. Bambancin yana da tushe a ilmin kansa. A makonnin farko na ciki, hanyoyin jinin ɗan tayi sukan haɗu ne daga ƙwayoyin da ke warwatse, ba tare da wata tsohuwar hanya ba, kuma wannan shi ya cancanci sunan tsiro. Bayan haka, akasarin abin da jiki ke ƙarawa toho ne. Ƙananan ɗakunan rai da aka gina jiki da su za a ce musu "ƙwayoyin halitta", ko "ƙwayoyi" a taƙaice, abin da ake gada daga iyaye kuma "ƙwayoyin gado". Furotin ɗin da wata ƙwaya ke fitarwa domin ta umarci wata da ta girma ko ta rabu biyu, shi ne za a kira "sinadarin girma".

Dalilin buƙatar toho

Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya kuma rasu a 1288, ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya. William Harvey na Ingila ya nuna a 1628 cewa jini kewaya jiki yake yi, amma bai ga mahaɗar hanyoyin da ke fita daga zuciya da masu komawa gare ta ba. Sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya hango silili a huhun kwaɗo ta madubin ƙara girma. Faɗin silili ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na milimita ba, har jajayen ƙwayoyin jini sai sun yi jerin gwano kafin su wuce.

A nan ne ainihin ciniki ke gudana. Iskar oksijin tana fita daga silili ta ratsa nama da kanta, ba mai tura ta, kuma tafiyar da za ta iya yi ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin 10 na milimita ba. Duk ƙwayar da ta yi nisa fiye da haka tana cikin halin fangalin da ke can ƙarshen lambu, wanda ruwan jigo ba ya kaiwa gare shi: ko dai a haƙa masa tasa magudanar, ko ya bushe. Wannan ƙa'ida guda ita ce tushen dukkan batun.

Cikin kowace hanyar jini an shimfiɗe shi da ƙwayoyi masu faɗi, shimfiɗa ɗaya tak, waɗanda za a kira "ƙwayoyin daɓe". Daga waje kuma wasu ƙwayoyin sun rungume silili kamar yadda yaɓe ke riƙe katanga, su kuma "ƙwayoyin yaɓe". A jikin baligi mai lafiya ƙwayoyin daɓe a kwance suke, sukan yi watanni ko shekaru ba su rabu ba. Ba su tashi sai da dalili: rauni, ko naman jikin da ake yawan motsawa, ko mahaifar mace da ke sake shimfiɗa kowane wata, ko mabiyiya a lokacin ciki.

Yadda aka gano masu kira

A 1971 wani likitan fiɗa na birnin Boston a Amurka, Judah Folkman, ya buga ra'ayin cewa ƙarin ciwon daji ba ya iya wuce girman milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa hanyoyin jini, cewa yana yin haka ne ta hanyar fitar da wani sinadari, kuma in aka toshe wannan sinadari za a iya tsai da ƙarin. Abokan aikinsa da yawa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, gama a ganinsu jan da ke kewaye ƙari kumburi ne kawai. Amma a 1972 shi da Michael Gimbrone suka sa ɗan guntun ƙari a cikin ruwan gaban idon zomo, inda babu hanyar jini kusa. Guntun ya zauna da rai, bai kai girman kan allura ba. Da aka matsar da shi ya taɓa inda hanyoyin jini suke, sai silili suka kutsa cikinsa, ya ninka girmansa sau dubbai cikin mako biyu.

Gano sinadarin kansa ya ɗauki lokaci. A 1983 Donald Senger da Harold Dvorak, su ma a Boston, suka sami wani furotin da ƙari ke fitarwa wanda ke sa hanyoyin jini yoyo. A 1984 ɗakin binciken Folkman ya tace wani sinadarin girma daga ƙari, wanda aka gane daga baya cewa na dangin FGF ne, sai dai shi wannan yana tayar da ƙwayoyi iri-iri, bai keɓanta da na daɓe ba. A 1989 Napoleone Ferrara, ɗan Italiya mai aiki a kamfanin Genentech, ya tace wani furotin da kusan ƙwayoyin daɓe kaɗai ke amsa kiransa, ya sa masa suna VEGF. Da aka gwada, ashe shi ne mai sa yoyon nan na 1983. Abu guda ne aka shigo masa ta ƙofa biyu.

Matsayin VEGF ya fito fili a 1996, sa'ad da Ferrara da Peter Carmeliet na Beljiyam, kowa a nasa ɗakin, suka samar da ɓeraye da aka cire musu ƙwayar gadon VEGF guda ɗaya daga cikin biyun da ake gada, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A yawancin ƙwayoyin gado, in ɗaya ta ɓata ɗayar takan riƙe aiki. A nan kuwa 'ya'yan ɓerayen sun mutu tun suna ciki, wajen kwana 11 zuwa 12, hanyoyin jininsu ba su ginu ba. Watau rabin awo ma bai wadatar ba. Wannan ya nuna cewa sinadarin ba kasancewarsa kaɗai ake bukata ba, har da mudunsa.

Daga ƙishirwa zuwa sabuwar hanya

Yaya ƙwaya ke sanin cewa iska ta yi mata ƙaranci? A cikin kusan kowace ƙwaya ana ƙera wani furotin mai suna HIF dare da rana, kuma ana rushe shi dare da rana. Muddin akwai oksijin, wasu sinadarai sukan yi amfani da oksijin ɗin su yi masa lamba, wani furotin mai suna VHL ya ga lambar ya kai shi a wargaza cikin 'yan mintoci. Lamarin ya yi kama da mai gari da ke rubuta takardar neman agaji kullum, da wani bafade a ƙofa da ke yayyage ta muddin rumbu na da hatsi. Ranar da oksijin ya yanke, ba abin yin lamba, sai HIF ya taru, ya shiga cibiyar ƙwaya ya buɗe ƙwayoyin gado masu yawa, ciki har da ta VEGF. Hikimar wannan tsari ita ce ba a jiran a fara rubutu bayan yunwa ta shigo, takarda tana hannu tun tuni. Gregg Semenza da Peter Ratcliffe da William Kaelin ne suka warware wannan, aka ba su kyautar Nobel a 2019.

VEGF yakan fita daga ƙwayar da ke ƙishirwa ya bazu cikin nama, yana da yawa kusa da ita, yana raguwa da nisa. A fatar ƙwayoyin daɓe akwai makarɓai, watau furotin da aka ƙera daidai da siffarsa kamar kwaɗo da mabuɗi. Babban mai isar da umarni shi ne makarɓi na biyu, VEGFR-2. Da zarar sun haɗu, hanyar jinin takan buɗe ta fara yoyo, wani sinadari mai suna anjiyopoyetin na biyu ya sassauta riƙon ƙwayoyin yaɓe, wasu kuma su narkar da tantanin da ya kewaye hanyar. An fasa katanga ke nan, saura fita.

Abin da ke biyo baya ya fi kowane mataki ban sha'awa, kuma wanda ya san labarin fatake zai gane shi nan da nan. Ƙwayoyin daɓe da yawa ne suka ji kiran, amma ɗaya ce ke wucewa gaba. Ita wannan takan miƙa 'yan yatsu sirara tana lalube, tana bin inda VEGF ya fi yawa. Ita ce ja-gaba. Ba ta cika rabuwa ba, aikinta neman hanya. Waɗanda ke bayanta su ne ayari: su ke rabuwa suna ƙara tsawon reshen, su kuma ke buɗe rami a tsakiyarsu inda jini zai bi. Ja-gaba tana riƙe matsayinta ne ta wata dabara. Takan fito da wani furotin a fatarta mai suna Dll4, wanda ke taɓa makarɓin Notch a jikin maƙwabtanta, shi kuma ya sa su rage makarɓansu na VEGF. A taƙaice tana toshe musu kunne kaɗan, don kada su ji kiran da ƙarfin da ita ke jin sa. Matsayin kuma ba na gado ba ne, gama an ga ƙwayoyin ayari suna tsere, wata ta wuce ta karɓe gaba.

A 2006 masu bincike suka toshe Dll4 a jikin ɓeraye masu ƙari, sai sakamakon ya zo a juye. Hanyoyin jini sun ƙaru ƙwarai, amma ƙarin ya rage girma. Dalili kuwa shi ne kowace ƙwaya ta zama ja-gaba, aka sami rassa birjik da ba su kai jini ko'ina. Ayarin da kowa madugu ne ba ya isa Gwanja.

Idan ja-gaba biyu suka haɗu, ramukansu sukan zama ɗaya, jini ya fara gudana. Isowar jini ita ke kashe kiran da kanta: oksijin ya dawo, aka ci gaba da wargaza HIF, VEGF ya ragu. Amma sabuwar hanyar ɗanya ce, kuma in aka janye VEGF a wannan hali sai ta shanye. Don haka ƙwayoyin daɓe sukan fitar da wani sinadarin girma, PDGF-B, wanda ke kiran ƙwayoyin yaɓe su zo su rungume ta, anjiyopoyetin na ɗaya kuma ya ɗaure mahaɗan ƙwayoyin, yoyo ya tsaya. Rassan da jini bai bi ta cikinsu ba akan sassabe su. Wannan ne ya sa tabon da ya fara da ja yakan koɗe bayan watanni.

Masu hani

Jiki bai dogara ga janye kira kawai ba, yana da nasa masu hani. An gano turombospondin a wannan aiki a 1990, anjiyostatin a 1994, endostatin a 1997. Toho yana faruwa ne idan masu kira suka rinjayi masu hani a ma'auni. Misali mafi kyau yana gaban kowa a madubi. Tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido ba shi da hanyar jini ko ɗaya, in da yana da ita da ba a gani ta cikinsa. A 2006 aka nuna cewa yana cike da wani guntun makarɓi na ɗaya, wanda ba a dasa shi a jikin kowace ƙwaya ba, yawo yake yi yana cafke VEGF kafin ya isa inda zai ba da umarni. Ana kiran wannan tarko sFlt-1, kuma mai karatu ya riƙe sunan, za a sake gamuwa da shi. Idan ciwon ido irin tirakoma, wanda ya daɗe yana addabar ƙauyukan arewacin Nijeriya da Nijar, ya yi ta maimaituwa, kumburi yakan rinjayi wannan kariya, hanyoyin jini su gangaro daga sama su shiga tantanin.

Idan ma'auni ya karkace

Ƙarin ciwon daji yana kira ne ba ya yin shiru. Dvorak ya kwatanta shi a 1986 da mikin da ba ya warkewa. Hanyoyin da yake jawowa karkatattu ne, masu yoyo, yaɓensu bai kammala ba, saboda haka iska ba ta isa ko'ina, ƙishirwa ta ci gaba, kira ya ci gaba. Ta waɗannan hanyoyi masu ɓaraka ne kuma ƙwayoyin ƙarin ke samun ƙofar shiga jini su tafi hanta ko huhu.

Maganin farko mai cafke VEGF, bebasizumab, wanda ake sayarwa da sunan Avastin, ya sami izini a Amurka a 2004 domin dajin hanji. A gwajin da aka dogara da shi, matsakaicin abin da marasa lafiya suka rayu ya tashi daga wata 15.6 zuwa wata 20.3. Ga mai ciwo da iyalinsa wata biyar ba abin rainawa ba ne, amma ya yi nisa da fatan da aka ɗora, na cewa za a kashe daji da yunwa. Ƙari yakan koma ga wasu masu kiran kamar FGF, ko ya bi tsofaffin hanyoyin da ya tarar ya zauna a kansu. Ra'ayin Folkman ya tabbata, sai dai ribarsa mafi girma ba a fagen da ya nufa ta faɗo ba. A ido ta faɗo.

Ciwon sukari da ya daɗe yakan toshe silili na tantanin gani da ke can ƙuryar ido. Wurin da ya rasa jini sai ya yi kira, kuma a 1994 aka auna VEGF mai yawa a ruwan idon irin waɗannan majinyata. Hanyoyin da ke amsa kiran raunana ne, sukan fashe su cika ido da jini, ko su yi tabo su fizge tantanin daga mazauninsa. Agajin da ido ya nema shi ke makantar da shi, gobara daga kogi ke nan. Haka yake faruwa ga masu sikila, inda lanƙwasassun ƙwayoyin jini ke toshe silili na gefen tantanin, kuma abin ya fi yawa ga masu nau'in SC, waɗanda sau da yawa ciwon bai cika kwantar da su ba, har su ɗauka ba abin da ke damunsu. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, don haka duban ƙuryar ido lokaci-lokaci, tun gani bai ragu ba, ba almubazzaranci ba ne a gare su. Tun shekarun 1970 likitoci ke ƙona gefen tantanin da hasken leza, kuma a yanzu an fahimci dalilin amfaninsa: an rage bakunan da ke kira, don a ceci tsakiyar da ake karatu da ita.

Daga 2006 aka sami ranibizumab, allurar da ake yi a cikin ido don cafke VEGF kai tsaye. Tun kafin nan, a 2005, wasu likitocin ido suka fara ɗibar ɗan kaɗan daga Avastin suna yin wannan aiki da shi. Wani babban gwaji a Amurka ya nuna a 2011 cewa amfanin biyun ga gani kusan ɗaya ne a ciwon tsakiyar tantanin gani na tsofaffi, alhali a lokacin allura ɗaya ta ranibizumab tana kusan dala 2,000, ta ɗayan kuwa kusan dala 50. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa bebasizumab cikin jerin muhimman magunguna domin aikin ido. Ga talaka wannan bambanci shi ne tsakanin gani da sanda, ko da yake allurar ba sau ɗaya ake yin ta a gama ba.

Akwai kuma inda toho ke gazawa. Gyambon ƙafar mai ciwon sukari yakan ƙi kawo nama, har a kai ga yanke ƙafa. An yi izinin wani man shafawa mai ɗauke da PDGF a 1997, amma taimakonsa matsakaici ne, kuma yunƙurin tsiro da sababbin hanyoyi a zuciya ta hanyar ba da VEGF bai ba da abin da aka zata ba. Ga alama hana gini ya fi yin sa sauƙi, tun da gini yana son kira da ja-gaba da ayari da yaɓe, kowanne a kan lokacinsa.

Masu karɓar bebasizumab don ciwon daji sukan sami hawan jini da zubar furotin a fitsari, domin hanyoyin jini na jiki, musamman matatar ƙoda, suna bukatar ɗan VEGF kullum don su zauna lafiya. Waɗannan alamu biyu kuwa duk ungozomar asibiti ta san su, su ne ke gabatar jijjigar masu ciki. A 2003 Ananth Karumanchi da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa mabiyiyar irin waɗannan mata tana zuba sFlt-1 mai yawa a jinin uwa. Tarkon nan da ke tsare hasken ido, a nan ya yi yawa, ya cafke VEGF ɗin da ƙodar uwa da hantarta da ƙwaƙwalwarta ke bukata. Da aka sa shi a jikin ɓeraye masu ciki, su ma jininsu ya hau, furotin ya fito a fitsarinsu. Wannan ya bayyana abin da likitoci suka daɗe da sani ba tare da sanin dalilinsa ba, cewa ciwon ba ya fara sauka sai an haihu mabiyiya ta fita. A 2023 aka yi izinin gwajin jini a Amurka mai auna wannan tarko don hasashen wadda ciwonta zai tsananta. A inda wannan gwaji bai kai ba, awon jini da gwajin fitsari da ake yi wa mace a ranar awon ciki su ne ke kama sawunsa, sau da yawa makonni kafin ciwon kai da kumburin fuska su bayyana.